Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malaman Bayoloji Masu Fita da Ɗalibai Karkara

Ƙannena a wannan sana'a,

Sannunku da ƙoƙari. Neman mota, lallashin shugaban makaranta da karɓo yardar iyaye ba ƙaramin aiki ba ne. Allah ya saka da alheri.

To, amma na karanta rahotannin wasu ɗalibai da aka kai dausayin Haɗeja da Nguru, raina ya ɓaci. Duk bakinsu ɗaya, har kuskuren rubutu, domin shifta malam ya yi musu a mota. Haba jama'a! An ce gani ya kori ji, ku kuma kun kai yara bakin ruwa kun hana su gani.

Ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ba yaron da ya tambayi dalili. Da kun bar su da masunta na rabin sa'a, da sun ji yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar ambaliya. Inda ruwa ya daina janyewa da rani kachalla ta kafu, tsuntsun jan-baki ya samu makwanci a cikinta, yana tashi ya faɗa gonakin shinkafa. Darasin ke nan gaba ɗaya, a gaban idonsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kuke wuce manomi ko sallama babu. Shi ya san gawo yana kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, ya san gero ya fi kyau a gindinsa, shi ya sa gatarinsa ba ya taɓa shi. Likita Dalziel, Bature ne fa, bai raina bakin mutanen karkara ba: sunayen tsirrai na Hausa ya bi ya tattara, ya buga a 1916. Ɗan ƙasa kuwa yau kunyar cewa "gawo" yake ji sai da Latin.

Mu a zamaninmu, igiya da turaku huɗu ake ba ka, ka auna mita ɗaya kowane gefe, ka durƙusa ka ƙirga tsiron da ke ciki, sannan ka sake a inuwar bishiya ka kwatanta. Wandonka zai yi ƙura. Yanzu sai hoto da waya da cin shinkafa.

Ku gafarce ni in na yi zafi. Roƙona kawai, a fita ta gaba ku bar shifta a aji, kowane yaro ya dawo da ƙidayarsa da tambayar da ya yi wa wani dattijo, ko da rubutun ya zo a karkace.

Wassalam,
Yayanku, tsohon malami.