Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Abin Da Tsibirin Whakaari Ya Koya Mana

 

A zaman ƙungiyarmu na makon jiya, ana cikin tattauna inda za mu kai ziyarar ƙarshen shekara, sai aka kawo shawarar mu je wata madatsar ruwa, mu hau jirgi, mu ɗau hotuna, mu ci abinci a bakin ruwa. Kowa ya yi na'am. Can sai wani ƙaninmu ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya shugaba, to akwai rigunan kariya a jirgin?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce masa in kwana ya ƙare, ko a kan katifa kake sai ka tafi. Ba za mu ɓoye muku ba, har da mu aka yi dariyar. Sai da muka koma gida tambayar ta riƙa dawo mana, ta kuma tuna mana da labarin wani tsibiri da ke can ƙarshen duniya.

Sunansa Whakaari a harshen Maori, ana furta shi kamar "Fakari". Yana cikin teku, kimanin kilomita 48 daga gaɓar tsibirin arewa na ƙasar Niyu Zilan. Matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila, James Cook, shi ya laƙaba masa sunan Turanci mai nufin farin tsibiri a 1769. Tsibirin gaba ɗayansa kan dutse ne mai aman wuta, mafi yawan jikinsa yana nutse a ƙarƙashin ruwa. Shekara da shekaru, har zuwa 2019, masu yawon buɗe ido sun riƙa biyan kuɗi a ɗauke su daga garin Whakatane, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a jirgin ruwa. Idan aka isa, sai a ba kowa hular kwano da takunkumin numfashi, ɗan jagora ya shige gaba. Ana taka ƙasa mai ɗumi, ana wuce ramuka masu fesar da tururi da duwatsun da farar wuta ta mayar rawaya, har a kai bakin tafkin da ke tsakiyar dutsen. A ɗau hoto, a koma jirgi, kafin magariba kowa yana masaukinsa. A wancan lokacin sama da mutum 10,000 ne suka riƙa yin wannan tafiya duk shekara.

Dutsen bai taɓa ɓoye halinsa ba. A watan Satumban 1914 wani ɓangare na bangonsa ya rufto, taɓo ya share sansanin masu haƙar farar wuta, mutum 10 suka mutu. A watan Afrilun 2016 ya yi aman da ya lulluɓe hanyar da baƙi ke bi. Abin da ya sa ba a rasa rai ba a wannan karon shi ne da dare abin ya faru, babu kowa a wurin.

Ranar Litinin 9 ga Disamban 2019, da ƙarfe 2:11 na rana, ya sake yi. Wannan karon akwai mutum 47 a kansa: 'yan Ostireliya 24, Amurkawa 9, 'yan Niyu Zilan 5, Jamusawa 4, sauran daga Birtaniya da Sin da Maleshiya. Yawancinsu fasinjojin wani katafaren jirgin shaƙatawa ne da ya yada zango a ƙasar, suka sayi tikitin fitar yini ɗaya. Cikin mintuna kaɗan tururi da toka mai zafi da iskar asid suka rufe su. Wani jirgin da ya riga ya ɗauki nasa baƙin ya kama hanyar gida, da ganin hayaƙin sai ya juyo ya kwashi waɗanda suka iya rarrafowa bakin ruwa. Wasu matuƙa jirage masu saukar ungulu na kamfanoni masu zaman kansu suka sayar da rai, suka sauka cikin toka suka fito da mutum 12. Duk da haka mutum 22 suka rasu, wasu nan take, wasu a asibiti. Gawa biyu har yau ba a same su ba. Ƙunar da ke jikin waɗanda suka rayu ta yi yawan da sai da ƙasar ta yi odar fatar mutum daga Amurka domin yi musu dashe.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Ku ɗauki tukunya cike da ruwa a kan wuta, a liƙe murfinta ta ko'ina. Narkakken dutse na can ƙasa yana dafa ruwan da ke maƙale a cikin duwatsu, ma'adinai kuma suna toshe ƙofofin da tururi ke bi. Ranar da murfin ya tsage, ruwan kan rikiɗe ya zama tururi a lokaci guda, girmansa ya ninka fiye da sau 1,000. Irin wannan aman ba ya sallama, shi ya sa masana ba sa iya cewa ga ranar ko ga sa'ar. Amma sun ga alamu. Makonni uku kafin ranar, masu sa ido kan duwatsun ƙasar sun ɗaga matakin gargaɗi zuwa 2, a ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 5. Ga wanda bai sani ba, 2 cikin 5 ai ko rabi bai kai ba. Ga masani kuwa, 2 shi ne mataki na ƙarshe kafin a ce dutse ya fara amai, domin daga 3 zuwa sama an riga an shiga ciki.

A nan ra'ayinmu ya tsaya. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutum domin ya kai shi wurin da bai sani ba, ya karɓi amanar ransa tare da kuɗin. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mutumin da ya sauko daga jirgin shaƙatawa ya ga talla mai hoto mai kyau, ba shi da hanyar bambance Whakaari da Rangitoto, wani tsibirin dutsen da ke kusa da birnin Okland, wanda jirgin fito ke kai mutane cikin kamar minti 25, kuma rabonsa da amai shekara 600 ke nan. Duka biyun "tsibirin dutse mai aman wuta" ake ce musu. Ɗaya yana barci, ɗaya yana tafasa. Wanda ya san bambancin shi ne mai sayar da tikiti. Idan ya miƙa wa baƙo takarda mai ƙananan rubutu ya ce sa hannu a nan, ya kuma ɗora masa hular kwano, to ya ba shi kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Hular kwano tana tare tsakuwa, amma me za ta yi wa tururin da ke dafa fata?

Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun shaida wa kotu cewa ba a yi musu bayanin girman haɗarin ba. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta ƙasar ta gurfanar da ɓangarori 13 a 2020. Wasu suka amsa laifi, wasu aka sallame su. A watan Maris na 2024 kotu ta yi umarnin biyan diyyar da ta haura dalar Niyu Zilan miliyan 10. A Fabrairun 2025 kuma babbar kotu ta soke hukuncin da aka yanke wa kamfanin iyalin da suka mallaki tsibirin, bisa cewa izinin shiga kawai yake bayarwa, ba shi ke gudanar da yawon ba. Ku duba fa, ƙasar da ke da dokoki da na'urori da masana, sai da ta shafe sama da shekara biyar ana jayayya kan wa ya kamata ya ce "yau kada a je". Idan kowa ya ɗauka wani ne zai faɗa, ƙarshenta babu mai faɗa.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko za su ce baligi yana da 'yancin ya jefa kansa inda ya ga dama, ai masu hawan dogayen duwatsu ma suna mutuwa ba a hana ba. Mun yarda. Sai dai mai hawan dutse ya shafe watanni yana shiri, ya san adadin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Zaɓi yana zama zaɓi ne bayan an sani. Cikin baƙin Whakaari akwai iyaye da 'ya'yansu matasa, akwai ango da amarya, wasu sanye da gajeren wando da 'yar shara, sun fito shan iska.

Na biyu za su ce wannan sana'a ita ke ciyar da iyalai a garin, faɗin gaskiya tsirara zai kori baƙi. Wannan ma gaskiya ne, wasu za su fasa. Amma ina sana'ar take yau? Tun daga ranar ba a sake sauke masu yawon buɗe ido a tsibirin ba. Kuma cikin mamatan akwai 'yan jagora biyu, waɗanda abincinsu suka fita nema. Shi ya sa ba ma ɗora laifin a kan yaron da ke gaban layi yana nuna hanya. Nauyin yana kan waɗanda ke zaune a ofis suna yanke shawarar jirgi ya tashi ko kada ya tashi.

Na uku ita ce maganar da aka faɗa wa ƙaninmu: ƙaddara. Mun yi imani da ita, babu ja. Amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, kuma babu wanda zai ce mun fi shi tawakkali. Ƙaddara magana ce da muke rarrashin juna da ita bayan an yi iya yi. Idan mai jirgi ya fara kawo ta tun kafin a tashi, domin kada a tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗora mutum 50 a jirgin mutum 20, to ya mayar da ita mayafin rufe sakaci.

Ba mu da tsibiri irin Whakaari a nan, amma muna da ruwa, kuma mun san abin da yake ci mana. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da suka nufi taron Maulidi. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka nutse a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. Waɗannan ma ba yawon buɗe ido suka fita ba, hanyarsu ce ta yau da kullum. Abin da ya haɗa su da mutanen Whakaari shi ne sun shiga jirgi bisa yarda da wanda ya fi su sanin ruwan. A can dutsen ne ba a san ranar tashinsa ba. A nan kuwa lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar kariya duk abubuwa ne da ido ke gani tun daga bakin gaɓa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, mu fara da kanmu. Duk wanda aka ɗora wa shirya tafiya, ta ƙungiya ce ko ta makaranta ko ta 'yan biki, ya je wurin tun kafin ranar. Ya tambayi mai jirgi mutum nawa jirgin ke ɗauka, ya ƙirga rigunan kariya da hannunsa, ya tambayi mutanen garin ko an taɓa yin haɗari a wurin da kuma abin da ya jawo shi. Abin da ya ji, ya dawo ya faɗa wa kowa da Hausa ƙarara tun kafin a karɓi kuɗin kowa, har da iyayen da za su ba da 'ya'yansu. A ware mutum ɗaya da aka ba ikon cewa an fasa, ko da an riga an biya kuɗin mota an dafa abinci, kuma a yi alƙawari babu mai yi masa gori. Asarar kuɗin mota ana mayar da ita a wata mai zuwa.

Mu marubuta kuma akwai namu kason. Mu ne ke rubuta "wuri mai ƙayatarwa" a ƙasan hoto, mu sa wasu su yi sha'awar zuwa. Idan mun yabi kyan wuri, mu faɗi zurfin ruwansa, mu faɗi ko mun samu rigar kariya ko ba mu samu ba. Wanda ya karanta mu ya tafi, mu ne 'yan jagoransa na farko.

Ga ƙaninmu da muka yi wa dariya: ka yi haƙuri, kai ne ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a zaman nan. Za mu nemi a sa ta a farkon ajandar zama mai zuwa, kuma in ba a samu rigunan ba, ra'ayinmu shi ne a sauya wurin ziyarar.

Allah Ya jiƙan 'yan uwanmu da ruwa ya ci, Ya tsare mu a tafiye-tafiyenmu. Sai mun ji naku ra'ayin.