Gayyar gini: a fara binne siminti a ƙasa kafin a yi wa bango kwalliya

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Cadawa zuwa Agye da Gazawa bayan an gama kaka, zai ga tulin rairayi da bulo a ƙofar gidaje. Wannan ne lokacin da kuɗin aya da wake da gyaɗa suke shigowa hannu, kuma samari ba su riga sun watse cin rani ba. Sai maigida ya kira ƙanne da 'ya'ya da surukai, a yi gayya, a ta da ɗaki. Al'ada ce mai kyau, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To amma tun daga damanar 2024 ya kamata mu sake tambayar kanmu: ina ne muke zuba ɗan simintin da muka samu?

Ba mu manta ba, ranar Juma'a 30 ga watan Agusta na 2024 ruwa kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, ya hallaka aƙalla mutum 15. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. Kafin damanar ta ƙare, hukumomi sun ƙirga mutum kusan 400 da suka rasu a faɗin Nijar, da fiye da miliyan ɗaya da rabi da ambaliyar ta shafa, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba, saboda azuzuwa da dama sun zama mafakar waɗanda gidajensu suka faɗi. Jiharmu ta Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta karya farashin siminti, ta ƙayyade tan ɗaya a kan jika 55 a Yamai, domin jama'a su samu su sake gini. Tan ɗaya buhu 20 ne mai kilo 50. Matakin ya taimaka, to amma saukin farashi kaɗai ba ya tsai da gida. Abin da muke yawan gani shi ne, mutum ya ta da bangon ƙasa a kan harsashin ƙasa, sannan ya shafe fuskar da siminti don masu wucewa su ce ya yi gini. Alhali kuwa ruwa ba daga fuska yake cin gida ba. Yana kwanciya ne a gindin bango, ƙasar ta sha ta yi laushi, nauyin rufi ya danne ta, sai a ji rugum cikin dare mutane suna barci.

A Turai da Amurka har ɗaki suke yi a ƙarƙashin ƙasa da bangon kankare, wato abin da maginanmu ke kira beto. Mu ba mu da wannan al'ada, amma dokar ɗaya ce: duk ɓangaren ginin da yake taɓa ƙasa da ruwa, shi ne ya fi cancantar siminti. A wurinmu wannan na nufin harsashi, da gindin bangon da ya kamata a ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, da kuma bakin ramin salga, wanda shi ma yakan rufta da damana.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Ma'aunin da injiniyoyi suka sani ga beto mai ƙarfe shi ne kilo 350 na siminti a mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, wato buhu 7. A sauƙaƙe, buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na rairayi da baro biyu na tsakuwa. Ɗaki mai mita 4 a kan 4, idan aka zuba masa gindi mai faɗin santimita 40 da kaurin 20, zai ci kamar buhu 9, bai ma kai rabin tan ba. Hajiyar da ta kwashi adashenta za ta iya sayen wannan. Wanda ya miƙe buhun nan da ƙarin rairayi don ya rage kashewa, ya tuna araha ba ta ado.

A nan ne gayya take da amfani, a nan ne kuma take da haɗari. Amfaninta shi ne, ana son a zuba beto a rana ɗaya ba tare da yankewa ba, domin wanda ya bushe ba ya kama sabo yadda ya kamata, kuma wannan aiki ne na hannaye da yawa. Haɗarinta kuwa, kowa magini ne ranar gayya. Wannan ya ce a ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙi, wancan ya ce a yi sauri rana ta yi. Ruwa mai yawa yana kashe ƙarfin siminti. Saboda haka a ɗauki ƙwararren magini ɗaya, a biya shi, maganarsa ta zama ita ce ta ƙarshe ko da kawu ne ya ja da shi. Bayan an zuba, a rufe da buhunan da aka jiƙa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, tunda iskar hunturu tana busar da shi da wuri, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Sai maganar wuri. Garuruwanmu da yawa suna bakin gulbi: Gidan Rumji da Tibiri a kan Gulbin Maraɗi, Gazawa a kan Gulbin Kaba. Filin da ke kan hanyar ruwa yana da araha, amma babu harsashin da zai hana ruwa bin hanyarsa. A tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya kai a 2024 kafin a sa diga.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyayenmu mata 'yan kasuwa. Sau da yawa kuɗin ƙuliƙuli da mai da adashe ne suke sayen siminti, amma fili na gado ne, ba takarda. Ranar rabon gado sai wanda ya ɗauki bulo ranar gayya ya ce shi ma yana da haƙƙi, wadda ta biya kuɗin kuwa ba ta da shaida. A je wurin maigari da ma'aikatar magajin gari a yi takardar fili, a kuma rubuta a gaban shaidu abin da kowa ya bayar, kyauta ne ko bashi. Wannan ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu a cikin ɗakunanmu.