Alhaji, Ba Ɗaki Ka Gina Ba

Yau raina a ɓace yake, don haka a yi mini uzuri in alƙalamin ya yi zafi.

Makon jiya wani Alhaji da muke sallar Juma'a tare a Bronx ya ja ni in ga aikin da ya yi a gidansa. Muka sauka ƙarƙashin ƙasa, wurin da nan New York ake ce wa besmen. Ya sa an raba shi ɗaki uku da allon bango, an shimfiɗa tayil, fenti fari tas. Yana ta murmushi, wai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: gida ya ƙara daraja, ga kuɗin haya da zai riƙa biyan bashin banki. Na ce, "Alhaji, ina ƙofar fita ta biyu?" Ya ce ai matattakalar da muka sauko ta wadatar.

Wallahi ba ta wadatar ba! Shekara biyu na yi a irin wannan rami farkon zuwana Amurka. Tagata ko kan yaro ba zai shiga ba, ƙafafun masu wucewa kawai nake gani. Tukunyar ɗumama gida na bayan gadona, tana gurnani har asuba, kayana kullum warin raɓa. Ban taɓa kai ƙara ba, domin wanda ba shi da takardu bakinsa a ɗinke yake. Masu gidajen sun san haka, shi ya sa baƙo suke nema.

Ko mun manta daren 1 ga Satumba, 2021? Ragowar guguwar Ida ta sauke ruwa inci 3.15 cikin awa ɗaya a Central Park. Magudanan birni suka cika, ruwa ya nemi gangare, gangaren kuwa shi ne besmen. Mutum 11 suka mutu a irin waɗannan ɗakuna, akasari a Queens, har da yaro ɗan shekara biyu da iyayensa. In ruwa ya danne ƙofa daga waje, ƙato ma ba ya iya tura ta, ga shi kuma ta matattakalar nan guda ɗaya yake kwararowa.

Batun daraja ma akwai ruɗi a ciki. Tun 2022 Fannie Mae, mai sayen basussukan gidaje, ya wajabta wa masu ƙiyasta kuɗin gida wani ma'auni: duk hawan da ya nutse a ƙasa, ko da wani sashensa ne, ba a haɗa shi da faɗin gidan na sama, daban ake rubuta shi. In kuma ba da izinin hukuma aka yi aikin ba, ranar sayarwa abin da ka ɗauka riba ne sai ya zame maka tara da kuɗin rushewa.

Kada a ce ina ƙyashi. Na san tsadar haya a garin nan, kuma ban ce gyaran besmen haramun ne ba. Ka yi wa yara wurin karatu, ka yi falon baƙi. In kwana za a yi, a fasa bango a yi tagar da babban mutum zai iya fita, a sa famfon zuƙe ruwa da na'urar da ke ƙara in hayaƙi ko iskar guba ta taso. A Disamba 2024 majalisar birnin ta amince da shirin halatta irin waɗannan ɗakuna a wasu unguwanni bisa sharuɗɗan tsaro, hanya a buɗe take ga mai niyya.

Da muka hau sama na tambayi Alhaji ko zai kwantar da autansa a ɗakin ƙuryar can. Ya ce yaron na da asma. Shekaranjiya na ji samari uku 'yan Nijar sun tare.