Masu Komawa Aji a Shekara Arba'in

A Funtuwa, idan magidanci ɗan shekara arba'in ya ce zai ajiye alli, ko ya bar wa ƙaninsa kemis, ya koma Zariya karatun jagoranci da ba da shawara, abin da zai fara tarbarsa dariya ce. Wani ma sai ya ɗauka takarar kansila zai tsaya, don sunan aikin da Turanci ya yi kama da na kujerar gunduma. Da an gane nufinsa kuwa sai tambaya ta biyo: "Haba Malam, surutu za ka je ka karanta? To malamai da dattawa me suke yi?" Daga majalisar bakin kasuwa har ɗakin malamai an gama yanke masa hukunci: ko dai aikinsa ya gagare shi, ko takardar ƙarin girma yake nema ta hanya mai sauƙi.

Masu wannan hukunci sun manta inda suke zaune.

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Bayan kwana shida aka sako su, aka ɗauki hotuna, kowa ya yi hamdala. Yaran nan aji suka koma. Haka 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, suka rakuɓe a gidajen 'yan uwa a Funtuwa da Malumfashi. Su ma wani malami ne ke tsayawa gabansu kowace safiya.

A ɗauki malamin lissafi a makarantar je-ka-ka-dawo. Akwai yaro a ajinsa da ba ya zama sai kusa da ƙofa. Babur na wucewa da ƙarfi, sai biro ya faɗi daga hannunsa, idonsa ya koma taga. Littafinsa fari fat. Malam ya yi faɗa, ya yi bulala, ya aika a kira uba, sai kawu ya zo, ya ce ai uban a gona aka harbe shi, a gaban yaron. Malam ya iya warware kowane lissafi a allo, amma da aka bar shi da yaron su biyu, bai san da wace tambaya zai fara ba. Irin wannan malami ne ke zuwa yankan fom a Jami'ar Ahmadu Bello. Wane mai hankali zai ce rashin abin yi ne ya kai shi?

Mai kemis shi ma yana da nasa labarin. Ya san saurayin da ke zuwa bayan magariba, kuɗi a dunƙule a hannu, ba ya kiran maganin da sunansa, ba ya kuma haɗa ido da kowa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. An hana kwalba, amma abin da ke tura yaro gare ta yana nan daram, kuma mai kemis ya fi kowa ganinsa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin dariyar shi ne, fannin da kansa masu canjin sheƙa ne suka gina shi. Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba matasa shawarar sana'a a Boston ta Amurka a 1908, sai da ya yi injiniya, ya koyar, ya yi lauya. Carl Rogers, wanda ake karanta wa kowane ɗalibin fannin, karatun noma ya fara a Jami'ar Wisconsin. Da a Bakori aka haife shi, da an ce auduga ce ta fi ƙarfinsa.

Saura batun malamai da dattawa, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Ba wanda ke raina su. Aure nawa suka ɗinke a zaure, gaba nawa suka kashe tsakanin dangi. Sai dai wa'azi, mutum ɗaya ke magana jama'a na saurare. Mai ba da shawara kuwa an horar da shi ya yi shiru, ya bar mai damuwa ya amayar da abin da ke cikinsa, ya riƙe masa sirri, ya kuma gane lokacin da lamarin ya wuce shi, sai likita. Matar da aka karɓo daga daji bayan an sayar da gona an biya fansa ba za ta durƙusa gaban liman, mijinta na gefe, ta faɗi abin da aka yi mata ba. Za a ce mata, "Sai haƙuri, ƙaddara ce." Gaskiya ne, ƙaddara ce. Amma bayan an watse, ita kaɗai ke kwana ido biyu.

An kuma ga inda iyaye ke kai 'ya'yansu idan suka rasa mafita. A 2019 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa da Daura da cikin Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen nan ba mugaye ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, manyan asibitocinsu na wannan yanki kuma suna can Barnawa da Dawanau da Kware. Manomin Ɗanja da ɗansa ya fara sambatu, gun wa zai fara zuwa?

Gaskiya ɗaya masu suka suke da ita: akwai masu zuwa don takarda kawai, su dawo su rataye ta a bango. Amma laifin ya fi yawa a wuyan hukuma. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa makarantu na buƙatar masu ba da shawara. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar kula da masu wannan aiki, a farkon 2023 kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Takardu sun cika. Shi kuwa malamin da ya sha wahalar zirga-zirgar Zariya da kuɗin aljihunsa, yana dawowa sai a miƙa masa jadawalin aji shida, a ce ya riƙa ganin yara "idan ya samu sarari", a ƙarƙashin darbejiya, inda kowa ke wucewa.

Don haka kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina: malamin da ya nemi hutun wannan karatu a ba shi da albashinsa. In ya dawo a rage masa aji, a ba shi ɗaki mai ƙofa da kujera biyu, a fara da makarantun shiyyar Funtuwa.