Laccar Jami'a Ba Ta 'Yan Jami'a Kaɗai Ba Ce

Ƙannenmu na sakandare, tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma a Beijing akwai jami'ar da ke koyar da harshenmu. Sun daɗe suna nazarinmu, mu kuwa abin da muka sani na Asiya bai wuce finafinan Indiya da wayar Tecno ba.

Layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, akasarin kuɗinsa bashi ne daga Sin, kuma da mu da ku za a biya. Shi ya sa ba ma wasa da laccar da jami'a ta shirya kan Asiya. Yawanci kyauta ce, kowa na iya shiga. Ku roƙi malaminku ya kai ku, kowa ya tanadi tambaya ɗaya.