Akwai Gajiyar da Ba Ta Jin Allura

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, sannu da aiki. Ina gajiya? Na san amsar da za ka ba ni: ba gajiya. Haka muka tashi muka tarar ana amsawa, kuma gaisuwa ce mai kyau. Amma yau ina so ka ba kanka amsa ta gaskiya, domin da yawa daga cikin masu cewa ba gajiya su ne ke zuwa asibiti suna roƙon a yi musu allurar ƙarfi ko a ƙara musu ruwa. Sai mu auna jini, mu duba zazzaɓi, mu saurari ƙirji, ba mu ga cuta ba. Abin da ke damunsu shi ne aiki ya cinye su, kuma ba wanda ya ce musu su huta.

Ra'ayina shi ne hutu yana cikin abubuwan da jiki ba ya rayuwa sai da su, kamar abinci da ruwan sha. Kuma mutum ɗaya ba ya iya ba kansa hutu in mutanen gidansa da na ikkilisiyarsa ba su ɗauke masa wani kaya ba.

Gajiya iri biyu ce

Akwai gajiyar yini. Ka yi noma tun safe, ka dawo jiki ya yi tsami, ka yi wanka, ka ci tuwo, ka kwanta. Da gari ya waye ka tashi garau. Wannan ba abin damuwa ba ce, ita ce ake cewa ta bi lafiya.

Akwai kuma wadda barci ba ya kawar da ita. Ka tashi da safe kamar ba ka kwanta ba. Aikin da kake so a dā yanzu ganinsa ma ɓacin rai ne. Yaro ya yi ƙaramin laifi ka dake shi, daga baya ka yi da-na-sani. Kana mantuwa, kai na ciwo, wuya da baya sun riƙe, abinci ba ya maka daɗi. Kana aiki fiye da dā, amma abin da kake gamawa bai kai na dā ba.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da nauyin aiki ke jawowa idan ya daɗe ba a rage shi ba. Ta ba da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, aikin kuma ya daina kyau. A shekarar 2021 hukumar, tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta sanar cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu aikin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. Yi lissafi da kanka. Awa 8 kullum, kwana 7 ba hutu, ya zama awa 56. To, yaya macen da ke tashi kafin asuba ta ɗebo ruwa, ta dafa, ta je gona da goyo, ta dawo da itace a ka, ta daka, ta sāke dafawa, ta kwanta bayan kowa?

Abin da allura da ƙwaya ba za su yi maka ba

Mutane suna girmama ƙarin ruwa, suna ganin shi ne babban magani. Ga mai gudawa da amai wanda jikinsa ya bushe, ko wanda ba ya iya sha da baki, hakika yana ceton rai. Amma ledar ruwan sukari ta rabin lita da aka saba sawa tana ɗauke da sukari giram 25 ne kawai, wato kamar cokalin shayi 5 ko 6. Kofin kunun gyaɗa ya fi ta amfani ga mai iya sha. In ka biya kuɗi aka ɗaura maka ita don gajiya, ƙarfin da ka ji daga baya yawanci daga kwanciyar da ka yi ne a kan gadon. Wannan kwanciya kuwa kyauta ce a gidanka.

Ƙwayoyin da ake sayarwa a tire a kasuwa sun fi haɗari. Samari da yawa, masu noman kuɗi da masu haya da babur, suna shan Tramol don su yi aikin mutum biyu. Tramol ba ya ƙara ƙarfi. Rufe bakin jiki yake yi don kada ka ji kukansa. Yana kama mutum har ya kasa aiki sai da shi, yana jawo farfaɗiya, in ya yi yawa yana tsayar da numfashi. Diklofenak da ibuprofen da ake sha kullum don ciwon jiki suna iya ƙwaƙule ciki har ya yi jini, suna kuma lalata ƙoda. Ko farasitamol, in babban mutum ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini ɗaya, hanta yake ci wa. Ciwon jiki saƙo ne. Wanda ya kori ɗan aike bai kori abin da aka aiko a faɗa masa ba.

Ka fara zuwa a duba ka

Kada ka ɗauka kowace kasala yawan aiki ce. Ƙarancin jini, ciwon sukari, tarin fuka, cutar ƙanjamau, ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro duk suna zuwa da gajiya. In gajiyarka ta wuce mako 2, ko tana tare da rama, tarin da ya ƙi tafiya, zufar dare, yawan fitsari da ƙishirwa, haki, ko farin ido da tafin hannu, zo asibiti a auna. A duba maka hawan jini kuma. Idan awo yana kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta dabam-dabam, ana bukatar kulawa ko da ba ka jin komai.

In kuma baƙin ciki ya zauna maka, kana kuka ba dalili, kana ganin rayuwa ba ta da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Idan tunanin kashe kanka ya zo maka, faɗa wa wani da ka yarda da shi, ku zo asibiti a ranar. Ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar rashin bangaskiya ba ce.

"Damina ba ta jira"

Za ka ce mini, mai albashi ne ke maganar hutu. Ni in ban yi noma a kan kari ba ciyawa ta cinye masara, me yara za su ci? Gaskiyarka. Akwai makonnin shuka, na noman fari da na girbi da ba a wasa da su, kuma ban ce ka kwanta a cikinsu ba. Jiki yana iya ɗaukar aiki mai tsanani na ɗan lokaci. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne shekara ta zagayo ba a sauke kaya ko sau ɗaya ba.

Kai kanka ka san wannan a kan dukiyarka. Shanun huɗa da sanyin safiya kake fita da su, kafin rana ta take ka kwance su, ka ba su ruwa da ciyawa. Gonar da ta gaji kana barinta ta zama saura don ta farfaɗo. Babur ma kana canza masa baƙin mai. Ba ka taɓa kiran sa rago don ya sha inuwa ba. Me ya sa jikinka da na matarka kaɗai ba su cancanci wannan tausayi ba?

Ka kuma yi lissafin asara. Manomin da ya ƙi hutun yini ɗaya a mako, ya faɗi a tsakiyar damina ya kwanta mako 3, ya rasa kwana 21, ga kuɗin magani, ga wanda zai bar gonarsa ya yi jinyarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganata ga maigida

Mafi yawan waɗanda aiki ya cinye mata ne, kuma su ne ba sa faɗa. Maigida, kai kana da gindin bishiya da majalisar abokai bayan ka dawo daga gona. Uwargida fa, yaushe ne nata lokacin? Ranar Lahadi ko Juma'a da kake hutawa, ita ranar ce girkinta ke ƙaruwa saboda baƙi. Ɗebo ruwa da babur ko amalanke ba ya rage maka girma. 'Ya'yanka maza ma suna da hannu, su yi itace, su yi wanki. Mai ciki da mai jego kada a bar musu daka da ɗaukar kaya mai nauyi. A bar jikinta ya huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Ku zo tare ku yi shawara da ungozoma a kan hanyar da ta dace da ku.

Haka kuma mai jinya. Idan tsoho ya shanye ko yaro ya daɗe a kwance, akan bar wa mace ɗaya wanka, juyi, ciyarwa da raya dare har watanni. Dangi su raba kwanaki. Wanda ke nesa ba zai iya zuwa ba ya aiko da abin da za a biya mai taimako.

Maganata ga ikkilisiya

A kowace majami'a akwai mutum 3 ko 4 da ba sa iya cewa a'a. Mace ɗaya ce shugabar zumuntar mata, ita ce a ƙungiyar mawaƙa, ita ke koyar da yara, ita ke dafa wa baƙi. Mai bishara ɗaya yana zagaya ƙauyuka da yawa, yana jana'iza, yana sulhu, yana noman abin da zai ci, 'ya'yansa kuma ba sa ganinsa. Muna yabonsu da ƙwazo har ranar da suka faɗi ko suka yi fushi suka daina zuwa, sa'an nan mu ce sun ja da baya.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Musa ya ji. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa. Abin da Allah ya fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin ya yi masa maganar aiki. A Markus sura 6, Yesu ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin ko sukunin cin abinci ba su da shi. Dokar ranar hutu kuma ta haɗa da bara, da baƙo, da dabba. Mun gaskata cewa ta wurin alheri Allah yake karɓarmu. Saboda haka ba wanda yake bukatar ya kashe kansa da hidima don ya sami tagomashi a gabansa.

Dattawa, ku zauna ku rubuta ayyukan ikkilisiya da sunan mai yin kowanne. Sunan da ya fito sau 3, ku sauke masa ɗaya ku koya wa matashi. Ku ba fasto da mai bishara yini ɗaya a mako wanda ba za a buga musu ƙofa ba sai don mutuwa ko ciwo mai tsanani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za ka fara a wannan mako

Ka nemi barcin awa 7 zuwa 8, cikin gidan sauro, ka kashe waya da rediyo in lokacin kwanciya ya yi. Ka ci wani abu kafin ka fita gona, ka tafi da ruwan sha. In rana ta take ka shiga inuwa. Ka rage shayi mai kauri da goro da yamma, domin suna korar barci. Ka ware yini ɗaya cikin 7 wanda ba gona, ba kasuwa, ka tabbata matarka ma ta same shi. Aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya a kira gayya kamar yadda iyayenmu suke yi. In an kawo maka sabon aiki alhali na hannunka bai ƙare ba, ka ce a yi haƙuri, a ba wani. In kana shan Tramol kullum, kada ka yanke shi farat ɗaya kai kaɗai, zo mu taimake ka ka rage shi a hankali.

Ka kuma duba cikin gidanka da majami'arka, ka gano wanda ya fi kowa aiki kuma ya fi kowa shiru. Ka ɗauke masa aiki ɗaya a wannan mako ba tare da ya roƙa ba.

Allah ya ba mu lafiya da hutawa. Amin.