Kwalabe Uku Da Ba A Rasa Su A Gidajenmu



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo kantinmu, ta zazzage kwalabe uku daga leda: tonik na ƙarin jini, maganin tari, da wani maganin ciki mai ɗaci da aka saya a tasha. Ta ce na maigidanta ne, sun ƙare, a ba ta irinsu. Na ce, "Hajiya, tun yaushe yake tarin?" Ta ce ya kai wata biyu. Na tambaya ko yana zufa da dare, ko ya rame. Ta ce, "Ai ramar ce ta sa muka haɗa masa da tonik." Ban sayar mata da komai ba, na roƙe ta su je asibiti a gwada majinarsa.

Da wuya ka shiga gida ba ka ga ɗaya daga cikin kwalaben nan a kan firiji ba, don haka bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko tonik. Da mutum ya ji kasala sai ya yanke wa kansa hukunci cewa jininsa ya yi ƙasa. Yawancin tonik sinadarin ayon ne da folik asid da bitamin B12, kuma suna amfani ne ga wanda jikinsa ya rasa su, kamar mai juna biyu ko mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada. Amma wanda ke fita tun asuba, ya sha cunkoson hanya, ya kwanta sha biyun dare da tunanin kuɗin haya, ba tonik ne zai cire masa gajiya ba. Ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro da ciwon damuwa duk suna zuwa da kasala. Gwajin PCV ba ya ɗaukar lokaci, shi zai nuna ko jinin ya yi ƙasa da gaske.

In an rubuta miki ayon, kada ki kora da shayi, domin yana hana jiki tsotse shi. Ki ba da tazarar awa biyu. Mai sikila kada ya sha sai da izinin likita, don ayon na iya taruwa a jikinsa. A ɓoye kwalbar, yaro in ya shanye ta saboda zaƙi zai iya rasa ransa. Su kuma magungunan ƙiba da 'yan mata ke kira "sha ka fashe", da yawansu na ɗauke da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini.

Na biyu maganin tari. Tarin mura kan tafi da kansa cikin mako ɗaya zuwa uku. Ruwan ɗumi da cokalin zuma sun wadatar, sai dai ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Yaron da bai kai shekara shida ba kuwa, kada a ba shi maganin tari sai likita ya ce. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙoran jarirai da ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009 saboda gubar diethylene glycol. Irin gubar ce aka samu a magungunan tarin da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, don haka duk wanda ya ciro miki shi daga ƙarƙashin kanta, ba ƙaunarki yake yi ba.

Tarin da ya wuce mako biyu gwaji yake buƙata. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin DOTS na gwamnati. Mai shan lisinopril don hawan jini kuma, in busasshen tari ya dame shi, ya koma wa likita a canza masa, don maganin ne kan jawo shi.

Na uku maganin ciki. Farin maganin nan mai kama da madara yana kwantar da zafin ƙirji na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da gyambon ciki. Manyan masu haddasa ulsa biyu ne: ƙwayar cutar H. pylori, da yawan shan irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake cusawa a "haɗin" ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a leda. Ita ƙwayar cutar ana gano ta da gwaji, a kashe ta da magani na kimanin mako biyu. Magunguna masu ɗaci na "wankin ciki" kuwa, wasu akwai giya a ciki, wasu gudawa kawai suke sakawa, sai a karanta takardar jikinsu. Lambar NAFDAC da ta ƙare da harafin L ba shaida ba ce cewa maganin na warkar da duk cututtukan da aka jero. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta ga wanda ba ya shan ayon, ko rama ba dalili, asibiti za a nufa ba kemis ba.

Hajiyar nan ta dawo bayan kwana goma. Tarin fuka ne, an ɗora maigidan a kan magani na wata shida, an kuma duba yaransu uku da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Da na miƙa mata kwalaben da ta nema, da har yanzu yana tari a kansu.

Uwargida, yau ki leƙa kan firijinki. Duk kwalbar da aka saya sau biyu ciwon bai tafi ba, kada a sayi ta uku, a je a ga likita. Allah Ya ba mu lafiya, sai mako mai zuwa.